Babban diskas ɗina ya hana ƙaramin sakat, wanne zan cire?

Mai_Gilashi: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Ina da diskas uku, kifin adon nan mai siffar faifai, a tanki mai cin lita 180, tsawonsa mita ɗaya. Bara na saye su tare, wajen mutum ɗaya, kuma a lokacin girmansu kusan ɗaya ne. Yanzu ɗaya ya zarce sauran, ya fi tafin hannuna faɗi, kuma ya sa ƙaramin cikinsu a gaba. Da na zuba abinci sai ya bar cin nasa ya bi shi a guje, yana dungurinsa da baki a gefen ciki, har sai ya kora shi bayan filta, wato matatar ruwan tankin. Can yake wuni, fikafikai a tsuke, jikinsa ya yi duhu, baƙaƙen layukan da ke jikinsa sun fito ɓaro-ɓaro. Na tsakiyan ma idan babban ya kore shi, sai ya je ya huce a kan ƙaramin. Wallahi abin yana damuna, ina kallo yana ramewa. Wanda ya sayar mini ya ce mugun hali ne na wannan kifin kawai. To in cire babban ne, ko in cire ƙaramin?

Abu_Hanan_KD: Wa alaikumus salam. Cire babban, malam. Na yi irin wannan fama, da na fitar da azzalumin na ba wani, tankina ya zauna lafiya har yau.

Baba_Mai_Diskas: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi saurin cire kowa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma laifin ba na halin kifin ba ne, na adadinsu ne. Diskas kifin garke ne, kuma a kowane garke sai sun tantance na gaba da na baya. Wannan dungurin da kake gani shi ne hanyar tantancewar. Idan su shida ne ko takwas, babban zai dunguri wannan, ya juya ya kori wancan, kafin ya zagayo kan na farko ya huta har ya ci abinci. Amma uku, duk dukan a kan mutum ɗaya yake sauka, daga na ɗaya da na biyu baki ɗaya, shi kuma ba shi da wanda zai sauke wa. Ka cire babban yau, gobe na tsakiyan zai hau kujerarsa, kuma lokacin su biyu ne kacal a tankin, ƙaramin ba shi da ko wanda zai raba masa hankali. Ka cire ƙaramin, na tsakiyan ne zai koma bayan filta. Shi ya sa masu kiwon nan suke cewa kada a ajiye ƙasa da biyar ko shida, sai dai in miji da mata ne da suka riga suka zaɓi juna.

Abu_Hanan_KD: Baba, da girmanka, amma ni abin da na gani da idona na faɗa. Na cire, an zauna lafiya.

Baba_Mai_Diskas: Ban musa ba, Abu Hanan. Nawa suka rage a tankin bayan ka cire shi?

Abu_Hanan_KD: Bakwai.

Baba_Mai_Diskas: To ka ga bambancin. Kai ka cire ɗaya ka bar garke. Shi zai cire ɗaya ya bar biyu.

Malama_Bayoloji: In ƙara a kan maganar Baba. Diskas ɗan dangin da masana ke kira Cichlidae ne, wato danginsu ɗaya da karfasar da muke ci. Duk wanda ya taɓa lura da namijin karfasa lokacin hayayyafa, yadda yake share gurbi a ƙasan ruwa ya tsare shi ba ya barin kowa ya raɓa, ya san dangin nan da tsare fili. Siffar diskas da tafiyarsa a hankali ke sa mutane su ɗauka salihi ne. Asalinsa kogin Amazon ne da rassansa, a Brazil da Peru da Kolombiya, irin su Rio Negro. A 1840 wani masani ɗan Ostiriya, Johann Jakob Heckel, ya fara bayyana shi a ilmance, shi ya sa har yau ake kiran wani nau'insa da sunansa. A can cikin gungu suke zama, a inuwar saiwoyi da itatuwan da suka faɗa ruwa, kuma wanda aka kora yana da faɗin kogi ya kauce. A tankin mita ɗaya ina zai je?

Game da layukan da @Mai_Gilashi ya gani: guda tara ne a tsaye, na farko ya ratsa ta ido, na ƙarshe a gindin wutsiya. Kifin na iya bayyana su ko ya dusashe su cikin ɗan lokaci, gwargwadon halin da yake ciki. Idan sun fito na ɗan lokaci bayan an yi artabu sannan suka koma, ba komai. Idan ya wuni da su, jiki duka ya yi baƙi, to takurar ta yi yawa.

Ɗan_Tarwada: Ni ba na kiwon na ado, tarwada nake yi a bayan gida, amma matsalar ta yi kama da tamu. Duk lokacin da wasu suka zarce sauran girma, dole mu tace su mu ware manya daban, in ba haka ba su cinye abincin, su cinye ƙananan ma. Me zai hana ya ware su bisa girma?

Malama_Bayoloji: @Ɗan_Tarwada, rabin maganarka ta shiga nan. Diskas ba ya cin ɗan uwansa, bakinsa ma ƙarami ne, da wuya ya yi masa babban rauni. Yunwa da firgici ke kashe wanda aka danne. Amma batun zarce girma gaskiya ne. Wanda ya fi cin abinci shi ke fin girma, da ya fi girma kuma sai ya ƙara hana sauran ci. Ƙaramin da aka hana ci yana tasowa yakan tsumbure, za ka ga idonsa ya yi wa jikinsa girma, jikin kuma maimakon ya zama da'ira sai ya yi tsawo. In ya kai nan, ba ya komawa daidai ko da an ba shi abinci daga baya.

Umm_Khairat: Ina jin kowa na cewa a ƙaro kifi, a ƙaro kifi, amma ba wanda ya dubi tankin. Lita 180 ya ce. Lissafin da aka saba shi ne kusan lita 40 ga kowane babban diskas, domin yakan kai santimita 15 zuwa 20. Shida kenan suna neman lita 240 ko fiye, kuma wannan kafin a cire wurin da yashi da itace suka cinye. A zuba shida a lita 180, a riƙa ba su niƙaƙƙiyar zuciyar saniya, cikin ɗan lokaci ruwan zai lalace, a magance faɗa a jawo cuta. Sannan kuɗin fa? Kifin nan daga waje ake shigo da shi, ba kowa ke iya sayen uku rana ɗaya ba. Baba, ba jayayya nake da kai ba, amma a faɗa masa gaskiyar abin da shawarar za ta ci.

Baba_Mai_Diskas: Gaskiyarki, Hajiya. Ni biyar nake nufi a wannan tankin, da sharaɗin canza ruwa sosai, kashi ɗaya cikin uku aƙalla sau biyu a mako. In ba zai iya wannan hidimar ba, to babban tanki ya kamata ya fara nema kafin kifi.

Ɗalibi_Penang: Salam. Ina karatu a Maleshiya, kuma nan Penang na cikin wuraren da aka fi ƙyanƙyasar diskas a duniya. Na shiga gidajen kiwo na gani. Tankunansu babu yashi babu tsiro, gilashi ne tsura da soson tace ruwa, kuma kifin a cike suke fiye da lissafin Umm Khairat nesa ba kusa ba. Ba ka ganin wani a rakuɓe a lungu, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, babban bai san wanda zai bi ba. Amma su kullum suke canza ruwa, wasu kusan dukansa, wasu ma fiye da sau ɗaya a rana. Wanda ba shi da wadatar ruwa haka kada ya kwaikwaye su.

Abu na biyu, Malama ta yi maganar layuka, ina so masu karatu su sani ba kowane iri ke nuna su ba. Pigeon Blood, wanda aka samar a Tailan a farkon shekarun 1990, da 'ya'yansa, ba su da layukan. Su idan sun takura sai ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun yi yawa a fuska da fikafikai. Blue Diamond ma ba ya nuna layi, duhu kawai yake yi.

Tambayata ga @Mai_Gilashi: ka taɓa ganin babban da na tsakiyan sun tsaya kusa da juna suna girgiza jiki, ko suna tsattsagar wani wuri da baki kamar suna share shi?

Mai_Gilashi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. @Ɗalibi_Penang, ƙwarai kuwa, da yamma sukan tsaya a jikin bututun filta su biyu suna tsattsagarsa, na ɗauka gansakuka suke ci. Wani lokaci kuma su kama bakin juna suna ja. Amma fa duk da haka babban yana korar na tsakiyan lokacin abinci. Nawa masu layi ne, irin shuɗi da ja ɗin nan. Zafin ruwan da safe digiri 26 nake gani, da rana ya kai 28.

Ɗalibi_Penang: To akwai yiwuwar aure suke shirin yi. Diskas a jikin abu tsayayye yake jera ƙwai, ganye ko itace ko bututu, kuma sai sun share wurin tukuna. Kamun baki na iya zama gwajin ƙarfi tsakanin maza biyu, yana kuma faruwa tsakanin namiji da mace kafin su daidaita, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. In dai haɗuwa suka yi, to ƙaramin ba shi da zama a wannan tankin, domin duk faɗinsa nasu ne a ganinsu. Kuma ƙaro biyu ko uku ba zai warware ba, za su tara su duka a kusurwa ɗaya su tsare.

Likitan_Dabbobi_Zariya: Kafin a tafi da nisa kan aure da adadi, ina so a dubi ƙaramin kansa. Sau da yawa ba a san wanne ya riga wanne ba, korar ce ta jawo ciwo, ko ciwon ne ya sa aka raina shi. Kifi na gane mai rauni a cikinsu. Malam, ka zauna gaban tankin ka lura da abubuwa uku. Kashinsa baƙi ne gajere, ko fari ne mai tsawo kamar zare yana bin sa? Idan ka dube shi ta gaba, goshinsa a cike yake ko ya tsuke ya yi kaifi? Numfashinsa daidai yake da na sauran, ko yana haki, ko a gefen kansa, inda yake numfashi, ɓangare ɗaya kawai yake buɗewa? Farin kashi da ƙin abinci da duhun jiki na nuna ƙwayoyin hanji irin su Spironucleus, waɗanda masu kiwo suka fi sani da Hexamita. Sukan zauna a hanjin kifi ba tare da illa ba, sai takura ta karya masa garkuwar jiki su yi yawa. Metronidazole ake ba su, wanda muka sani da Flagyl. Amma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya daka ƙwaya ya zuba a tanki ba tare da ya ga alama ba. A wani tanki daban ake yin magani, da awo, kuma in kifin yana ci, a cikin abinci ya fi aiki. Haki kuma maganinsa daban ne, yawanci tsutsar da ke kama wurin numfashinsa ce ko ruwan ne ya ɓaci.

Sannan digiri 26 ya yi masa sanyi. Tsakanin 28 da 30 yake so, dare da rana.

Sani_Sola: Maganar zafin nan ita ce babbar wahalarmu a Arewa lokacin hunturu. A ɗauke wuta tsakar dare, hita ta mutu, kafin asuba ruwan ya sauka. Hita mai wat 200 kuma tana shan batirin inbata sosai. Abin da nake yi shi ne in manna farin soson kwali da ake naɗe firji da shi a baya da gefuna biyu na tankin, in rufe saman, da dare in lulluɓa bargo. Yana riƙe ɗumi sosai. Famfon iska dai kada a kashe shi, shi ba ya cin wuta sosai, kuma ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce.

Umm_Khairat: Da bazara kuma akasin haka, a watan Afrilu sai ka ga ruwan ya haura 32 ba tare da hita ba, kifin suna haki a sama. Lokacin ni buɗe murfin nake yi in kunna ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwan.

Ɗan_Gwale: Ni ina ganin duk ruwan burtsatse ne matsalar. Kifin Amazon ruwa mai laushi yake so mai ɗan tsami, namu kuwa gishirin ƙasa ya yi masa yawa. Shi ke sa su fushi.

Ɗalibi_Penang: @Ɗan_Gwale, wannan ya shafi waɗanda aka kamo daga kogi, da kuma mai son ƙwai ya ƙyanƙyashe. Waɗanda ake sayarwa a kasuwa yawancinsu a gidan kiwo aka haife su tun kaka da kakanni. Gidan kiwon diskas na Stendker a Jamus ma a ruwan famfo suka yi suna da rainon nasu. Abin da ke cutar da su shi ne awon ruwan ya riƙa hawa da sauka saboda ana zuba magunguna don a gyara shi. Da ruwan ne matsalar, ai da dukansu uku sun yi duhu, ba ɗaya ba.

Almajirin_Malam: Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare. Dabbar da mutum ya tsare, haƙƙinta na wuyansa. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ban ce kiwon kifin ado haramun ne ba, amma kifin da ke bayan filta yana kallon abinci ba ya iya ci, yau yake buƙatar mafita, ba sai an gama tara kuɗin sabon tanki ba.

Umm_Khairat: Wannan haka yake, Malam, kuma akwai abin da zai yi yau ɗin ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba. Ya nemi farar ragar roba mai ramuka, ya yanka daidai faɗin tankin, ya raba shi gida biyu, kashi ɗaya cikin uku ga ƙaramin. Ruwa ɗaya, ɗumi ɗaya, yana ganin 'yan uwansa amma ba mai taɓa shi. Ya fi a kai shi wani tanki shi kaɗai, domin diskas in ya kaɗaita sau da yawa sai ya ƙara ƙin abinci, sai dai in Likita ya ce magani za a yi. Ka fara masa da jan tsutsar nan da ake sayarwa a daskare, da wuya su ƙi ta, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, abin da ya rage ka zuƙe da tiyo. Ranar da za ka cire ragar kuma, ka sauya wa itace da tsirrai wuri, ka kafa wani dogon abu a tsakiya da zai tare ido, sannan ka riƙa zuba abinci a kusurwa biyu lokaci ɗaya. Babban ba zai iya tsare gabas da yamma tare ba.

Abu_Hanan_KD: Sauya wa kaya wuri na ɗan lokaci ne, Hajiya. Na gwada, suka yi shiru kaɗan, da suka gane ɗakin sai aka koma gidan jiya. Ni da zan sa raga, babban zan killace, ba ƙaramin ba. A bar wanda aka zalunta ya sake a fili, shi kuma ya ji yadda ake ji.

Umm_Khairat: A garke mai yawa haka nake yi ni ma. Amma a nan in ka killace babban ka bar ƙaramin da na tsakiya, wanda shi ma dukansa yake yi.

Yaro_Sabo: Tambaya daga sabon shiga. Na ji an ce in an zuba ƙananan kifi masu yawo cikin gungu faɗan na raguwa. Gaskiya ne? Kuma kifin adon nan angelfish fa, tunda ya fi araha, ba za a cike adadin da shi ba?

Baba_Mai_Diskas: Ƙananan suna taimakawa ta wani ɓangare, ɗana. Cardinal tetra ko rummy nose, masu jure ɗumin digiri 29, in suna yawo a fili sai diskas mai tsoro ya samu natsuwar fitowa. Amma babban ba ya lissafa su cikin garke, don haka ba za su ɗauke wa ƙaramin duka ba, kuma su ma suna ƙara wa ruwa datti. Angelfish kuwa ya fi diskas saurin cafke abinci, in ka sa shi ka ƙara wa mai yunwa abokin takara. Akwai masu haɗa su lafiya a manyan tankuna, ni dai ba na yi.

@Mai_Gilashi, in ka yanke shawarar ƙarowa, kada ka kawo ɗaya-ɗaya, sabon baƙo shi kaɗai shi zai gaji lungun. Ka kawo su tare, girmansu ya kai na babban ko ya kusa, ka killace su a wani tanki mako huɗu zuwa shida tukuna, domin kifin gida daban na zuwa da cutar da naka ba su saba da ita ba. Ranar haɗawa ka canza ruwa, ka ciyar da na ciki, ka kashe fitila sannan ka sake su.

Mai_Gilashi: Ga halin da ake ciki. Na sa ragar kamar yadda Hajiya ta ce, na naɗe tankin da soso, yanzu da asuba 28 nake gani. Alhamdulillahi ƙaramin ya fara ci. Da farko sai ya ɗauki tsutsa ya tofar, daga baya ya haɗiye, kuma duhun ya ragu, shuɗin fuskarsa ya fara dawowa. @Likitan_Dabbobi_Zariya, kashin baƙi ne, amma goshin ya ɗan tsuke. Babban yana zuwa jikin ragar ya buɗe fikafikai ya tsaya. Su biyun kuma yanzu kusan kullum suna jikin bututu. Na tambayi mai haɗa gilashi kuɗin tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50.

Sani_Sola: Lita 300 kenan. Kada ya yi maka da gilashin da bai kai milimita 10 ba, kuma ya sa masa ɗamara a sama. Teburin ma ka duba, ruwan kaɗai kilo 300 ne.

Likitan_Dabbobi_Zariya: Tunda yana ci kuma kashin baƙi ne, kada ka ba shi magani. Abinci da ruwa mai tsabta, ka ci gaba da lura.

Ɗalibi_Penang: In sun jera ƙwai kada ka yi saurin cewa miji da mata ne, mata biyu ma sukan haɗu su yi. Ka duba launinsa. Wanda namiji bai bi ta kansa ba fari yake komawa, mai rai kuwa duhu yake yi, ya ƙyanƙyashe cikin kwana biyu da rabi zuwa uku. In ka ga 'ya'yan sun taso sun manne a jikin iyayen suna cin yauƙin fatarsu, to ka bar musu lita 180 ɗin, ka kafa sabon garke a babban tankin da ƙaramin a ciki.

Umm_Khairat: Wato sai ya sayi huɗu ko biyar kenan, ba biyu ba. Ni da ni ce, wanda ke da garke nake nema in ba shi ƙaramin idan ya murmure, in zauna da biyun.

Baba_Mai_Diskas: In kuma maza biyu ne suke gwada ƙarfi, Hajiya, ya bayar da ƙaramin, wa zai tare wa na tsakiyan?

Abu_Hanan_KD: Ina da wuri a tankina in za a bayar, amma sai ya ƙara ƙiba, nawa manya ne. Malam, ka auna mana tsawonsa daga baki zuwa wutsiya.